Kyandir Ɗina Yana Ƙamshi a Hannu, Amma da An Kunna Shi Sai Ƙamshin Ya Ɓace

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina so in fara yin kyandir mai ƙamshi a gida, na amfanin ɗakina, idan ya yi kyau kuma in riƙa sayarwa. Na narkar da farin kyandir na kanti, na zuba man turaren da nake shafawa, na sa guntun kirayon na yara don ya yi kala, na juye a kofin gilashi da zaren tsohon kyandir ɗin. Idan an shinshina yana ƙamshi, amma da an kunna shi ba a jin komai. Wutar tana haƙa rami a tsakiya ta mutu, saman kuma yana tsatso wani mai kamar gumi. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kuskure huɗu ne suka haɗu a kofi ɗaya: kakin, turaren, kalar da lagwanin, kowanne da nasa laifin. Amma babba a cikinsu shi ne lagwani, wanda yawanci shi ne ba a kula da shi.

Ki fara da fahimtar inda ƙamshin kyandir yake fitowa. Turaren da lagwani ya zuƙa ya kai wa harshen wuta ƙonewa yake yi, ba ya amfanar da hanci. Wanda ake ji a ɗaki shi ne wanda yake tashi daga narkakken kakin da ya kwanta a saman kofi kamar ɗan tafki. Idan tafkin nan ya yi faɗi har ya taɓa bangon kofi ta kowane gefe, ƙamshi zai cika ɗaki. Idan bai wuce faɗin kwabo ba, ko kwalba guda kika juye a ciki ba za a ji ba. Zaren da kika ciro daga kyandir na kanti an yi shi ne don siririn kyandir mai kaurin santimita 2. Kin sa shi aikin narkar da kofi mai faɗin santimita 7 ko 8, ba shi da wannan ƙarfin. Sai ya narkar da na kusa da shi kawai, ya nutse ƙasa, narkakken kakin ya taru ya shaƙe shi. Ramin da kika gani ke nan.

Kirayon ya ƙara dagula lamarin. Kalarsa gari ne mai laushi da aka cakuɗa da kaki, garin ba ya narkewa, sai ya bi lagwani ya toshe hanyoyin da kaki ke hawa, wuta ta yi ta ƙanƙancewa. Kalar girki ita ma ba ta yi, domin ta ruwa ce, ruwa da kaki kuwa ba sa ga maciji. Akwai kalar kyandir ta musamman, ta ruwa-ruwa mai mai ko ta 'yan ɓarɓashi, kuma ɗigo biyu zuwa uku ya ishi rabin kilo. A gwajin farko ma gara ki bar kala gaba ɗaya, ki rage abubuwan da za ki zarga idan aka sami matsala.

Sai kaki. Farin kyandir na kanti kakin farafin ne mai tauri, an yi shi don ya tsaya da ƙafarsa ba tare da mazubi ba. Irinsa yana narkewa a wajen digiri 58 zuwa 62 a ma'aunin Salshiyas, yana motsewa sosai idan ya huce, kuma ba ya iya riƙe mai da yawa. Idan babu wani sinadarin taimako a ciki, da ya wuce kashi 3 ko 4 cikin 100 sai ya fara amayar da shi. Gumin da kika gani a sama shi ne rarar man da kakin ya kasa riƙewa. Kada ki raina shi, domin mai ne tsagwaronsa kwance kusa da wuta.

Kakin da ake amfani da shi a kyandir na kofi iri uku ne a mafi yawan lokuta. Akwai farafin mai laushi da aka haɗa musamman don kofi, wanda ya fi kowanne fitar da ƙamshi kuma ba ya buƙatar dogon jira. Akwai kakin waken soya, wanda aka fara yi a Amurka a farkon shekarun 1990 ta hanyar daskarar da man waken soya. Yana zuwa kamar ɓarɓashin sabulu, yana ci a hankali, yana riƙe mai har kashi 10 cikin 100, kuma ana wanke kayan aikinsa da ruwan zafi da sabulu. Sai kakin zuma, mai narkewa a digiri 62 zuwa 64, mai ƙamshinsa na kansa, wanda yakan danne turaren da aka sa masa.

A nan ne yanayinmu yake shigowa. Kakin soya na kofi yana narkewa ne tsakanin digiri 45 da 54, gwargwadon irinsa. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri zafin inuwa ma yana haura digiri 40, cikin motar da aka ajiye a rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Kyandir na soya zalla da aka ba direba ya kai wani gari a bazara zai iya isa yana gumi, lagwaninsa ya karkace. Bayanan da za ki gani a intanet galibi daga ƙasashen sanyi suke, ba su yi la'akari da wannan ba. A ganina wanda ke arewa kuma yana da niyyar sayarwa gara ya yi haɗi: ko dai kashi 70 na soya da kashi 30 na farafin, ko kuma soya da aka ƙara wa kakin zuma kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Dukansu suna ƙara masa tauri. Sai dai duk lokacin da kaki ya ƙara tauri, lagwani ma sai an ƙara masa girma. Ana samun soya da farafin wurin masu sayar da sinadaran haɗa sabulu da man shafawa, kamar a kasuwar Sabon Gari a Kano ko Ojota a Legas. Ki tambayi mai sayarwa ko na kofi ne ko na tsaye, don ba ɗaya ba ne.

Kakin zuma kuwa wurin masu zuma za ki same shi da sauƙi, sai dai yakan zo da datti. Ki sa shi a tukunya da ruwa, ki ɗora a ƙaramar wuta har ya narke, ki tace da tsumma mai tsabta, ki bar shi ya kwana. Da safe za ki tarar ya daskare a saman ruwan kamar faifai, dattin ya manne a ƙasansa. Ki kankare da wuƙa, ki shanya ya bushe sarai kafin ki yi aiki da shi. Kakin da ke da sauran ruwa yana sa kyandir tartsatsi.

Yanzu turare, inda mutanenmu suka fi yin asara. Mun saba da turare mai kyau, da humra da miski da sandal da turaren wuta irin na Maiduguri, sai mutum ya ɗauka duk abin da ya yi daɗi a jiki zai yi a kyandir. Turaren fesawa yawancinsa barasa ne, ba ya haɗuwa da kaki, kuma zuba shi a kaki mai zafi kusa da murhu neman gobara ne. Humra ma sau da yawa da turaren fesawa ake haɗa ta, ki bar ta a jiki da tufafi. Man turaren shafawa kuma, wanda kika yi amfani da shi, akasari ana sirka shi da wani sinadari da ake kira DPG don ya yi auki kuma ya yi sauƙi a fata. DPG ba ya narkewa a cikin kaki. Komai juyawar da kika yi zai koma ya kwanta a gindin kofi ko ya tsatso ta sama. Abin da kike nema shi ne man ƙamshi da aka yi don kyandir, ko kuma tsantsar man turare wanda ba a sirka ba.

Maganar mai shago ba ta isa hujja ba, ga gwajin da zai raba gardama. Ki narkar da kaki kamar cokali uku a ƙaramin kofin gilashi wanda ake ganin cikinsa, ki ɗiga man turaren kamar ɗigo goma sha biyar, ki juya na minti ɗaya, ki ɗaga kofin ki duba ta wajen haske. Idan ya zama garau kamar abu ɗaya, man ya yi. Idan kika ga 'yan ƙwallaye suna yawo ko sun taru a ƙasa kamar ɗigon ruwa a cikin man gyaɗa, ko kakin ya yi gurɓi-gurɓi ya ƙi washewa, wannan ba na kyandir ba ne. Ki sayi 'yar ƙaramar kwalba ki gwada kafin ki sayi babba.

Man da ake tatsa kai tsaye daga tsirrai yana shiga kaki, amma na lemo da danginsa ba sa daɗewa kuma ba su da ƙarfi idan an kunna. Na kanumfari da na kirfa sun fi tsayawa, su kuma kaɗan ake sawa don suna da kaifi. Turare mai banila a ciki yana sa farin kyandir ya koma ruwan ɗorawa bayan 'yan makonni, musamman idan rana na dukansa. Ba lalacewa ya yi ba, amma ki san da haka kafin ki yi wa amarya alkawarin farin kyandir tas.

Kayan aikin ba su da yawa, amma biyu daga ciki ba a yi sai da su: ƙaramin sikeli mai auna giram, da ma'aunin zafi na girki mai tsinke. Masu yin kyandir da ido su ne yau ya yi kyau gobe ya ƙi, kuma ba su san dalili ba. Sauran su ne tukunya, jug na ƙarfe ko babban gwangwani mai tsabta, cokali mai dogon hannu, lagwani mai ɗan ƙarfe a gindi, da mazubi. Mazubin ya kasance gwangwanin kyandir, ko gilashi mai kauri irin na kwalbar jam, ko kofin tangaran. Siririn kofin shan ruwa yana iya fashewa idan wuta ta kai ƙasa. Roba, ƙwarya, katako da kaskon da ba a yi masa shafe ba duk ki guje su. Kasko yana tsotse kaki ya zama shi ma lagwani ne.

Lissafin da nauyi ake yi, ba da cokali ko murfin kwalba ba. Ki ɗora kofin a sikeli ki mayar da shi sifili, ki zuba ruwa zuwa inda kike so kakin ya tsaya, wato ki bar kamar santimita ɗaya da rabi daga baki. A ce ruwan ya ba ki giram 185. Kaki ya fi ruwa rashin nauyi, don haka ki ninka da 0.86, za ki sami kusan giram 160. Wannan shi ne nauyin kaki da turare gaba ɗaya. Idan kina son turare kashi 8 cikin 100 na nauyin kakin, ki raba 160 da 1.08, ya ba ki giram 148 na kaki, sauran giram 12 na turare. Na kofi shida kuwa giram 888 na kaki ne da giram 72 na turare. Ki fara da kashi 6 zuwa 8. Mutane suna zaton ƙarin turare shi ne ƙarin ƙamshi, amma da an haura abin da kakin zai ɗauka sai gumi da hayaƙi da lagwani mai toshewa, ga kuɗi sun tafi a banza.

Ki share kofin ya bushe ƙayau, ki manna gindin lagwani a tsakiyarsa daidai da gam mai zafi. Idan da narkakken kaki kika manna, zai saki da zarar kin juye mai zafi a kansa. Ki miƙar da lagwanin, ki matse shi tsakanin tsinken tsire guda biyu da aka ɗaure da roba, ki gitta su a bakin kofin. Lagwanin da ya kauce ko da rabin santimita ne zai narkar da gefe ɗaya ya bar ɗaya, kuma gefen da ya matsa zai yi zafin da zai iya fasa gilashi.

Kada ki taɓa ɗora kaki kai tsaye a kan wuta. Ki zuba ruwa kamar santimita 5 a tukunya, ki tsoma jug ɗin kaki a ciki, ruwan ya riƙa tafasa a hankali. Hikimar ita ce ruwa ba ya wuce digiri 100, shi kuwa kakin da ke kan wuta kai tsaye yana iya hawa har wajen digiri 200 inda tururinsa yake kamawa. Idan tsautsayi ya sa ya kama, ki kashe murhu ki rufe da murfin tukunya. Ruwa ko kusa: watsa shi a kaki mai ci yana sa wutar ta yi tsalle ta bazu, daidai da man suya.

Idan soya ne ko haɗin da soya ta fi yawa, ki kai shi digiri 80 zuwa 85, ki sauke jug ɗin, ki goge ruwan da ke jikinsa don kada ya ɗiga a kofi, ki zuba turaren da kika riga kika auna. Ki juya a hankali na minti biyu cur, da agogo. Wannan mataki ne da ake yawan ha'inta: a juya sau uku a ce ya haɗu, alhali man ya fi kakin nauyi, yana can ƙasa. Juyawa da ƙarfi kuma kumfa take jawowa. Daga nan ki jira ya sauko digiri 55 zuwa 60 sannan ki juye a hankali ta gefen lagwani. Farafin ya fi son a juye shi da zafi, wajen digiri 75 zuwa 80. Idan kakin da kika saya ya zo da umarnin kamfaninsa, nasu za ki bi.

Wurin hucewa ya zama inda babu fanka, babu iskar taga, kuma kada ki sa a firiji don sauri, tsagewa zai yi. Ki ba kofunan tazarar ɗan yatsa uku a tsakaninsu, a kan katako ko kwali, ba a kan sanyin tayil ba. Lokacin hunturu gilashi yakan yi sanyi da safe, kakin da ya taɓa shi ya daskare da wuri ya janye, sai ki ga wasu tabo a jikin kofin kamar wurin ya jiƙe. Ɗumama kofunan a rana ko da na'urar busar da gashi kafin juyawa yana rage wannan. Farin hazo da kan fito a saman soya, kamar an barbaɗa gari, ɗabi'ar kakin ce, ba ya hana ci ko ƙamshi. Ramin da kan faɗa kusa da lagwani bayan ya huce kuwa motsewar kaki ce, farafin ya fi yin sa. Ki rage ɗan kaki a jug. Bayan awa biyu zuwa uku ki huda saman da tsinke wuri uku kewaye da lagwani, ki sake narkar da ragowar ki zuba siriri ya rufe.

Bayan awa 24 ki datse lagwani ya rage milimita 5 zuwa 6, ki rufe kofin da murfi ki ajiye. Farafin kwana biyu zuwa uku ya ishe shi. Soya kuwa sai ya yi mako ɗaya zuwa biyu yana ƙara daskarewa yana kama turaren. Da yawa suna kunnawa washegari su yanke hukunci cewa turaren jabu ne, alhali haƙuri ne ya gaza.

Mu koma kan lagwani, tunda shi ne ya kayar da ke. Ana sayar da shi jeri-jeri da suna da lamba, irin su CD da ECO, kuma a kowane jeri lamba mafi girma tana nufin wuta mafi girma. Babu wanda zai iya gaya miki lamba ɗaya da za ta yi a kowane hali, domin ta danganta da faɗin kofi, da irin kaki, da irin turaren da yawansa, har da kala. Turare mai nauyi irin na sandal ko miski yakan buƙaci lagwani mafi girma fiye da mai sauƙi a kofi iri ɗaya. Ki auna faɗin cikin kofinki, ki duba jadawalin mai sayarwa, ki sayi lambar da ya nuna tare da ta ƙasa da ita da ta sama da ita. Ki yi kyandir uku daga jug ɗaya, kowanne da lagwaninsa, ki rubuta lambar a gindin kofi. Idan faɗin kofin ya haura santimita 9 ko 10, lagwani biyu matsakaita sun fi guda ɗaya ƙato. Ki tsaya kan na auduga. Mai ƙarfen dalma a tsakiya Amurka ta haramta shi tun 2003 saboda gubar da ke cikin hayaƙinsa, kuma lagwani mai waya a ciki da ba a san asalinsa ba bai cancanci shiga ɗakin yara ba.

Ki kunna ukun a ɗaki marar iska, ki ba su kimanin awa ɗaya ga kowane santimita 2.5 na faɗin kofi, wato awa uku ga kofin santimita 7 da rabi. Wanda ya dace za ki gan shi da harshen wuta a tsaye cak, tsawon santimita 2 zuwa 3, narkakken kakin ya kai bango ko saura ƙiris, zurfinsa bai wuce santimita ɗaya ba, kuma za ki iya taɓa jikin kofin ba tare da kin janye hannu ba. Wanda ya yi ƙanƙanta zai bar zobe na daskararren kaki mai kauri a gefe. Wanda ya yi girma zai riƙa rawa yana hayaƙi, ya baƙanta bakin kofi, kan lagwanin ya tara baƙin dunƙule. Kada ki yanke hukunci a zama ɗaya. Ki kashe, ya huce, ki datse, ki sake kunnawa, har kyandir ɗin ya kai ƙasa, saboda zafi yana ƙaruwa yayin da wuta ke sauka cikin kofi, kuma lagwanin da ya yi daidai a sama yana iya yin yawa a rabin ƙarshe. Shi ya sa idan a kunnawar farko aka ga ɗan siririn kaki ya maƙale a bango, ba abin damuwa ba ne, zai narke daga baya. Ki auna nauyin kofin kafin kunnawa da bayanta; kofi irin wannan yakan ci giram 4 zuwa 5 a awa, daga nan za ki san awa nawa za ki gaya wa mai saye.

Wajen gwada ƙamshi kuma hancin wanda ya wuni cikin turare ba abin dogaro ba ne, ya riga ya saba. Ki rufe ƙofa, ki fita tsakar gida na minti goma kina lura da ɗakin, ki dawo, ko ki kira wanda bai shiga ba tun safe. Ƙaramin kofi ɗakin kwana zai cika, ba babban falo mai fanka a kunne ba.

Busassun furanni, sandar kirfa, ƙwayar kanumfari ko guntun itacen turaren wuta da ake jerawa a saman kyandir don hoto suna da kyan gani, amma da sun jiƙe da kaki suna kamawa, kofin gaba ɗaya ya kama da wuta. Idan kina son ado, ki yi shi a jikin kofi ko murfi. Idan kuma za ki sayar, ki manna takarda a gindi da ke cewa kada a bar shi yana ci babu kowa, kada ya wuce awa huɗu a jere, a datse lagwani kafin kowace kunnawa, a nisanta shi da labule da gidan sauro da yara, kuma a daina kunnawa idan saura santimita ɗaya a ƙasa.

Waɗanda kika riga kika yi kada ki zubar. Ki tsoma kofunan a ruwan zafi su saki, ki narkar da kakin ta hanyar da aka bayyana, ki bar shi ya natsu na 'yan mintuna, sannan ki tsiyaye na sama a hankali ki bar ruwan turaren da ya kwanta a ƙasa. Tunda da garin kirayon a ciki, ba zai ƙara yin kyandir mai lagwani ba. Ki ƙara masa ɗan man ƙamshi na gaskiya, kashi 3 cikin 100, ki zuba a farantin ƙanƙara ya daskare 'yan gutsattsari, ki riƙa ɗora guda ɗaya ko biyu a kaskon tangaran na ɗumama kaki, wanda ake kunna ƙaramin kyandir a ƙarƙashinsa.